Maigida ya tsira ranar layya, ni ce har yanzu ban dawo daidai ba

Ga saƙon da wata baiwar Allah ta aiko mini daga Bukoki nan Yamai, na ɗan taƙaita shi.

"Salamu alaikum Tanti. Asalinmu Tawa ne, shekara 12 da aure, yara huɗu. Maigidana tela ne, shekararsa 46. Kin san teloli in layya ta matso, sati biyu baya kwana gida, shayi da neskafe kawai, kai na ciwo ya haɗiye ƙwaya ya koma kan keke. Ranar sallah an sauko idi an yanka an kafa raguna jikin wuta, yana gyara itace sai na ga wuƙa ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, yana magana ba a ganewa. Muka zuba masa ruwa, aka soka masa allura a yatsu, aka kawo tofi, kusan awa biyu kafin mu samu tasi. Lokotoro ya ce AVC ne, wato ciwon shanyewar ɓarin jiki, jijiya ta toshe a kai, tansiyo, wato awon hawan jini, ya kai 21. Kwana 11 muka yi a asibiti. Yanzu wata huɗu, yana tafiya, magana ta dawo, hannun dama ne baya riƙe almakashi. Sati uku kenan ya bar shan magani wai ya warke, Innarsa ta zo daga Tawa da jiƙe-jiƙe ta ce jifa ne aka yi masa. Ya zama mai faɗa, wani lokaci kuka haka kawai, ya ce gara da Allah ya ɗauke shi ranar. Ni bana barci, cikin dare ina tashi in duba ko yana numfashi, in na ji ƙaurin nama gabana ya dinga faɗuwa. Ga bashin jika 300. Kowa cewa yake ki gode Allah ya rayu, na gode wallahi amma na gaji, har haushinsa nake ji, kuma ina ganin laifina ne da muka yi jinkiri. Tanti ko butulci nake wa Allah?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da jinya, Allah ya ƙara masa sauƙi ya ba ki ladan abin da kika ɗauka. Na karanta saƙonki sau biyu kafin in iya ɗaukar waya in amsa, don na san wannan gidan da kike ciki, na taɓa zama cikinsa.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara ba ta amsa a gajarce, a'a, ba butulci ba ne, zan dawo kanta daga baya in zauna sosai. Amma akwai abu ɗaya cikin saƙon nan da bazai jira ba, shi ne maganin da ya ajiye sati uku. Dan Allah ƙanwata in kin gama karanta wannan, yau ɗin nan ba gobe ba, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin kartiyenku, ko farmasi mafi kusa a auna tansiyo, sannan cikin kwana ɗaya biyu a koma wajen lokotoron da ya duba shi da karne da tsohon ordonans a hannu, a faɗa masa gaskiya cewa an bar magani tun ranar kaza. Kar ku ji kunyar faɗa, sun saba ji. In aka auna aka ga ya kai 18 ko ya wuce, ko kuma yana ciwon kai mai tsanani ko ido na dishi-dishi, to ba maganar randebu ba ce, kai tsaye sai urjans.

Bari in gaya miki me yasa na matsa haka. Yayana da nake bi, a Tawa yake zaune, irin wannan ciwon ya same shi, ya tashi ras har yana hawa babur, wata biyar ya ce shi ya gaji da haɗiyar ƙwaya kamar kaza, mu ma muka yi shiru don muna ganinsa garau. Na biyun da ya zo masa lokacin kaka ne, shekara uku ya yi kwance baya magana sai ido, matarsa ke juya shi tana wanke shi har Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na tuna shirun da muka yi sai zuciyata ta yi nauyi. Hawan jini baya sallama in zai shigo, mutum na iya yawo da 18 ko 20 yana dariya a fada bai ji komai ba, shi yasa jin sauƙi ba shaida ba ce. Kuma a gane, ƙwayar tansiyo ba irin maganin zazzaɓin sauro ba ce da za a sha kwana uku a ce an gama, riƙe jinin take yi, ranar da aka saki sai ya sake hawa. Wanda AVC ya taɓa kamawa ya fi kowa haɗarin a sake, kuma shekarar farko ita ce ta fi haɗari, ku kuwa kuna wata na huɗu ne. Tunda sikana, wato hoton cikin kai da aka ɗauka, ta nuna toshewa ce, mai yiwuwa bayan na tansiyo an haɗa masa da ƙaramin asfirin mai hana jini dunƙulewa da kuma na rage kitsen jini, kowanne da aikinsa, ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Abin da ake nema awo ya zauna ƙasa da 14 bisa 9, lokotoro ma yana iya cewa a sauko ƙasa da haka.

To amma ki tsaya ki binciko me ya sa ya bari, don "na warke" sau da yawa murfi ne kawai. Wani kuɗin ne yake gani, yana kallon bashin jika 300 yana kallon ke kina cire na cefane kina kai wa farmasi, sai ya ce ya warke don ya huta da kunya. Wani ƙwayar ce ke damunsa, amlodipin na sa ƙafa kumbura, kaptopiril da ƴan uwansa na sa busasshen tari mai naci, mai sa fitsari kuma ya hana mutum zama cikin mutane. Wani kuma, bari in faɗa a fili tunda mu manya ne, ya ji a fada an ce maganin tansiyo na kashe namiji, ko ya ga canji a shimfiɗa ya kasa faɗa miki. Duk waɗannan akwai mafita, magungunan tansiyo kala-kala ne ana canza wa mutum wanda ya dace da jikinsa, in kuɗi ne a roƙi lokotoro ya rubuta jenerik, wato maganin da ba na babban sunan kamfani ba, aikinsu ɗaya kuɗin ne ba ɗaya ba. Ki tambaye shi cikin dare in yara sun yi barci, ba gaban Inna ba, ba da muryar faɗa ba. Kuma ki yi masa magana da harshen sana'arsa, ki ce Baban su, wane tela ne ke jira sai keke ta tsaya cak kafin ya ɗiga mata mai, ai kullum ake sa mata tun tana gudu lafiya. Zai gane wannan fiye da duk wani bayanin asibiti.

Sai maganar Inna. Ki yi hankali a nan, kar ki buɗe yaƙi da uwar miji kan jifa ne ko ba jifa ba ne, baza ki ci ba, kuma shi za a sa a tsakiya alhali kansa baya son hayaniya. Ki tuna tsohuwar nan kilomita sama da 500 ta yi cikin mota daga Tawa da ƙullin magani a cinyarta, tsoron da ke hana ki barci shi ne ya taso ta, ɗanta ne, hanyar da ta sani kenan. Don haka addu'a, tofi, sadaka, saukar Alƙur'ani, duk ki karɓa hannu biyu ki ma taya ta. Abin da za ki tsaya a kai guda ne, a haɗa da na asibiti, kar a musanya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya ce a nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Wannan maganar in daga bakinki ta fito za a ce sarakuwa ta yi rashin kunya, saboda haka ki nemo wanda Inna ke jin nauyinsa, babban wan maigida ko kawunsu ko limamin masallacinku, ki same shi a keɓe ki gaya masa komai har da sati ukun nan, shi ya faɗa. Kuma ranar kwantirol ki tafi da Inna, ki ce Inna ke ce babba ki zo ki ji da kunnenki, a nuna mata hoton sikana ta ga inda jijiyar ta toshe. Na ga tsofaffi da yawa da suka shiga ɗakin lokotoro suna musu suka fito su ne masu gadin ƙwaya, in kika samu haka ki ba ta aikin gaba ɗaya, ita ta dinga miƙa masa da safe, ɗa baya ƙin abin da uwarsa ta miƙo.

Jiƙe-jiƙen ne dai ina da magana a kansu. Wanda ba a san me ke ciki ba a dakata da shi, da yawa ana jiƙa su da kanwa, kanwa kuwa ƴar uwar gishiri ce wajen ɗaga jini, wasu saiwoyin kuma ƙoda suke taɓawa, mai hawan jini ƙodarsa dama a wahale take. Ƙaho da tsaga ma a bari tunda ana ba shi mai tsinka jini, sai an tambayi lokotoro. Haka ƙwayoyin ciwon kai da ciwon jiki na masu tire da ƴan tebur, irin su diklofenak da ibuprofen, ina zargin irinsu yake haɗiya kafin sallah, suna ɗaga tansiyo, a raba shi da su. Maganin ƙarfin maza na bakin kasuwa kuwa ko kusa.

Kicin naki ne, a nan ba mai ja da ke. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen maji da yaji da kilishi da burodi. Mu kuwa miya ɗaya sai a jefa dunƙule huɗu a ƙara gishiri a ƙara kanwa. Ki dinga ragewa kaɗan kaɗan a tukunyar kowa, kar a ware masa tasa tukunya kamar wanda aka kora, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta su cike gurbin, cikin ƴan satuttuka harshe ke sabawa. Kopto na zogale, wake, kifin kogin Isa gasasshe, duk alheri ne. Soyen layya da muke ajiyewa cikin kitse ana ci wata da watanni, shi kam sai dai ɗanɗano. Shayi mai kauri zagaye uku da neskafe da goro a rage sosai, in yana shan taba a bari kwata-kwata.

Yanzu faɗan nan da kukan. Ƙanwata mijinki bai canza miki don ya daina son ki ba. AVC ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar nan ita ke riƙe da linzamin fushi da kuka da haƙuri, in wani wuri ya taɓu sai linzamin ya yi sako-sako, mutum ya fashe da kuka shi kansa bai san dalili ba, ko ƙaramin abu ya tunzura shi. Ga gajiya mai nauyi da ke bin ciwon wadda mai kallo baya gani. Sannan ki ɗora wannan a kai, mutumin da shekara da shekaru hannunsa na dama ke ciyar da gida, shi ke yanka shadda mai tsada ba tare da gabansa ya faɗi ba, yau ya ɗauki almakashi ya zame, matarsa ke cin bashi, aparantinsa ke riƙe da shago. Namiji Ba'adare da aka yi renonsa kan cewa namiji shi ne nema, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajensa. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi AVC suna faɗawa ciwon damuwa bayansa, ciwo ne na gaske mai magani, ba raunin imani ba ne. Kalmar nan da yake faɗa, gara da Allah ya ɗauke ni, kar ki bar ta ta wuce da "haba daina faɗar haka", ki kai ta gaban lokotoro kamar yadda za ki kai maganar hannu, ki faɗa masa kalma da kalma. In kuwa ya fara maganar zai yi wa kansa wani abu, kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da wuƙaƙe daga kusa da shi, a kai shi asibiti ranar. Ina ma zargin barin ƙwayar da wannan damuwar tushensu ɗaya, wanda ya fid da rai baya ganin amfanin haɗiyar magani.

In ya taso da faɗa kar ki tanka a lokacin, ki fita tsakar gida ki ba shi minti goma, in ya huce ki ce masa maganar ɗazu ta yi mini ciwo. Ciwo uzuri ne amma ba lasisin wulaƙanci ba ne, in abin ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko kan yara to manya su shigo ranar, kar ki rufe.

Hannun kuma kar ku yanke ƙauna. An fi samun saurin dawowa cikin wata uku zuwa shida na farko, kun ga kuna cikin lokacin zinariya kenan, bayan nan ma ana ci gaba da samu sai dai a hankali. Baki ambaci kine ba a saƙonki, wato motsa gaɓoɓin da ake koya wa mara lafiya a asibiti, in ba a rubuta masa ba ku roƙa, in an rubuta kun bari saboda kuɗin tasi to ku je ko sau ɗaya a sati a koya muku abin da za ku dinga yi a gida kullum. Hannu da aiki yake dawowa ba da shafa mai kawai ba. Ki zuba masa maɓallai cikin faranti ya dinga tsincewa da hannun daman, ya ninke yadi, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, ya riƙe alli ya ja layi a tsumma, ko zai ɗauki rabin awa ki daure ki kau da kai kar ki karɓe, tausayin da ke sa a yi wa mutum komai shi ke kwantar da hannu. Kar dai a dinga jan sa ta wannan hannun in za a tashe shi, kafaɗar na saurin gocewa. Kuma in lokotoro ya yarda ya fara leƙa shago ko awa biyu da safe kafin rana ta yi zafi. Sana'ar tela ba a yatsu kaɗai take ba, ido ne da kai, shi ya san wuyan da ya karkace tun daga bakin ƙofa, shi kiliyan suka sani, ya zauna ya karɓi aiki ya duba awo ya nuna wa yara inda za su yanka. Ranar da ya dawo gida da jika biyu da ya samo da kansa ya miƙa miki, za ki ga wani mutum daban. Kwanan shago dai ya ƙare har abada, ko sallah ko biki, a karɓi aikin da za a iya gamawa da rana.

To na dawo kanki, don ke kika rubuto, kuma na lura duk wanda ya shigo gidanku shi yake tambaya ya jiki, ba mai cewa ke ya naki jikin. Ranar nan mutum biyu abin ya faɗa wa, ɗaya aka kwantar a gado aka sa masa ruwa aka rubuta masa ordonans, ɗayar kuwa tana tsaye a baranda da kayan sallah a jikinta tana ƙirga kuɗi, ba wanda ya duba ta. Kin ga bakin mijinki ya karkace gaban idonki ana tsakar murna, yara sun sha kwalliya, hayaƙin nama ya cika unguwa, shi yasa yanzu ƙaurin nama ke tayar miki da ranar gaba ɗaya, jiki ne ya riƙe abin, yana ganin kamar yanzu za a sake. Tashin dare kina duba numfashi ma haka ne. Wannan sananne ne ga wanda ya ga tashin hankali da idonsa, ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma ƙarancin godiya ba ne. Godiya da gajiya suna zama zuciya ɗaya. Annabi Yaƙub, annabi ne guda, ya yi kuka har idonsa ya yi fari, ya ce ni ina kai ƙarar baƙin cikina da damuwata wajen Allah ne, yana nan cikin Suratu Yusuf, ba a ce ya yi butulci ba. Masu ce miki ki gode Allah ba mugunta suke ba, abin da bakinsu ya saba kenan, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haushin da kike ji ma na gane shi sarai, kin yi kwana 11 kan tabarma a asibiti kin ci bashi kin hana idonki barci don ya rayu, sai ga shi ya ture ƙwayar da hannunsa, wace mace ce baza ta ji haushi ba. Ki faɗa masa ma, cikin sanyi, ki ce Baban su in ka bar maganin nan ni kake bari da yara huɗu. Wataƙila bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Maganar awa biyun nan kuma ki sauke ta daga kanki. Ranar sallah ce, tituna ba tasi kowa na bakin wutarsa, ba wanda ya taɓa koya miki alamomin ciwon nan, kin yi abin da manyan da ke wajen suka ce, kuma a ƙarshe ke kika kai shi. Da yawa sai washegari ake kai su, wasu sai an zaga gidan malamai kwana uku. Abin da ya wuce ilimi ne yanzu. Soka allura a yatsu baya buɗe jijiyar da ta toshe, lokaci kawai yake ci. Ba a ba shi ruwa ko rubutu ko fura ko ƙwaya ta baki a wannan halin, don maƙogwaro na iya kasa haɗiya abin ya wuce huhu, ko asfirin ba a bayarwa sai an yi sikana, tunda wani AVC ɗin fashewar jijiya ce ba toshewa ba, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara don lokotoro zai tambaya, akwai maganin narkar da jinin da ya dunƙule wanda inda ake da shi sai cikin awa huɗu da rabi na farko ake iya yinsa. Alamomin kuwa kin riga kin gan su, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu ɓangare ɗaya, magana ta harɗe, wani sa'in ido ɗaya ya rufe ko jiri ya kwashe mutum. Ko da sun zo sun wuce cikin minti biyar ya ce ai ba komai, a tafi, gargaɗi ne.

Abin da na ga yana kwantar da tsoron dare shi ne shiri. Ki samu jaka ƙarama ki sa karnensa da ordonans da hoton sikana da kuɗin tasi da ba a taɓawa, ki rataye bayan ƙofa. A wayarki da ta babban yaronku da ta babban aparanti a sa lamba 15 ta SAMU, masu motar asibiti ta gaggawa, da 18 ta ƴan kwana-kwana, da lambar maƙwabta biyu masu mota da kika riga kika yi magana da su cewa ko ƙarfe nawa ne za ki buga. A wuce kai tsaye babban asibiti mai sikana, irin Lopital Nasiyonal ko Referans, kar a tsaya ƙaramin kilinik, urjans a buɗe take ko ranar sallah, farmasi masu gadi ma haka. In da hali a haɗa kuɗi a sayi na'urar awon tansiyo ta dantse a ajiye a gida, a dinga aunawa yana zaune ya huta minti biyar, a rubuta a kaye da kwanan wata. In kin ga 13 bisa 8 da idonki kafin ki kwanta, barcin zai fi zuwa.

Kuma ki bar ɗaukar jinka da hannu ɗaya. Yana da ƴan uwa, ki ce wa babban wansu a fili ina son mutum ɗaya ya dinga kai shi kine, ina son a ɗauke mini kuɗin magani na wata, waɗanda ke Abijan ko Libiya su turo ta Nita ko Amana, dangi sun fi amsa roƙo mai suna da adadi a kan "a taimaka". Tunda Inna na gida ki bar mata shi yini ɗaya a sati ki tafi gidanku ko gidan ƙawarki ki yi barcin rana ki yi kuka in kukan ya zo. Ke ma a auna naki tansiyon ranar da aka kai shi. Wata huɗu ba barci ya isa a gaya wa lokotoro, ki ce ni ma ina da magana, akwai masu sauraron irin wannan damuwar a manyan asibitoci kuma ba sai wanda ya zautu ke zuwa wajensu ba. Kar dai ki sayi ƙwayar barci da kanki.

Bashin jika 300 a rubuta shi a takarda, wa da wa, a je wa kowa a yanka abin da za a iya biya duk wata ko kaɗan ne, mai bin bashi shiru ya fi ƙona masa rai a kan kaɗan. Ki tuna tun Satumba 2024 an rage kuɗin ganin lokotoro da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, kuma akwai ofishin serbis sosiyal mai taimakon marasa hali, ki tambaya. Layya mai zuwa in ba hali ba dole, a mazhabar Malikiyya da muke bi sunna ce mai ƙarfi ga wanda ke da iko, ba a ce a bar magani a sayi rago ba, in ma an yanka wani ya tsaya bakin wutar ba shi ba. Azumi kuma kafin ya kama a tambayi lokotoro, in ya ce a'a to Allah ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame, in an yarda shi zai gyara lokutan ƙwayar. Sallah in tsayuwa na ba shi jiri ya yi a zaune. Zancen shimfiɗa ma ba haramun ba ne bayan AVC, in tansiyo ya daidaita yawanci ba matsala, ku tambaya tare kar kunya ta hana.

Yau dai awo, gobe ko jibi lokotoro, kafin juma'a ki samu babban wansa. In kun dawo ki rubuto mini lambar da aka samu da abin da aka ce game da hannun, ki kuma gaya mini awa nawa kika yi barci daren jiya. Ki gaida Inna, ki ce Tanti na yi mata sannu da hanya. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya miki zuciya.